Zauren Ruwa: Neman Suna ga Ƙofar Jiragen Kainji

Mu 'yan Daura daga ƙasa muke ɗago ruwa. Tarihin asalinmu ma a bakin rijiya ya ƙullu, wato Kusugu, inda aka ce macijiya ta hana ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sare ta. Shi ya sa bakinmu ya wadatu da guga da wasaki da kwakkwaɓe, amma ya yi ƙaranci a sha'anin jirgi.

Na ji wannan ƙarancin sosai a wata tafiya da na yi cikin kwalekwale daga Yelwa ta ƙasar Yawuri, a kan tafkin da madatsar Kainji ta haifar bayan kammala ta a 1968. Tafkin ya shanye tsohon garin Busa, ya tayar da dubban mutane. Madatsar ta kuma raba Kwara gida biyu, ruwan sama da ruwan ƙasa, don haka aka gina wa jirage wata mahaya a jikinta.

Aikin irin wannan mahaya ba shi da sarƙaƙiya. Jirgi ya shiga wani ɗaki mai ƙofa biyu, a rufe ta baya, a sako ruwa daga sama har ya yi daidai da na gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. In gangarowa zai yi, sai a zuƙe ruwan. Da wannan dabarar mashigin Fanama, wanda aka buɗe a 1914, yake ɗaga jirage kimanin mita 26. Mashigin Suwez na 1869 kuwa bai bukace ta ba, domin shimfiɗe yake.

To, me za mu kira ta? Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun girmi Kainji. Sunanta na Ingilishi ɗaya yake da na makulli, kuma mai fassara da ya bi wannan sawun zai bar ɗalibi yana hangen kwaɗon ƙofa a tsakiyar kogi.

Shawarata ita ce "zauren ruwa". Zaure ƙofa biyu gare shi, baƙo yakan dakata a ciki sai an yi masa iso, kuma shi ne tsakanin waje da gida. Bahaushen da bai taɓa ganin kogi ba zai gane hoton nan take.

Duk da haka, shawarar ɗan tudu ce. Masu jirage da Sarkawan Yawuri sun fi shekara hamsin suna maƙwabtaka da madatsar, kuma hukuncin ƙarshe nasu ne. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai bakin Kwara da na'urar ɗaukar magana, tun dattawan da suka tuƙa jirgi kafin 1968 suna raye.