Ranar Likita

Mutumin Sabon Gari in ciwon ido ya dame shi, sai ya yi sammako ya shiga mota, ya wuce Samaru, ya sauka Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare tun 2005. In zuwansa ya dace da ranar likitan ido, to, madalla. In kuwa ya kuskure ranar, kuɗin mota sun tafi, cinikin yini ya tafi, ciwo kuma yana nan.

Abin da ya hana babban likita zama wuri ɗaya kullum shi ne aikinsa ya yi rassa. Yau yana duba marasa lafiya, gobe yana ɗakin tiyata, jibi yana koyar da ɗalibai, da dare kuma a tashe shi. Tiyatar ma ba ta yiwuwa sai da likitan da ke sa majiyyaci barci, shi kuwa masu fiɗa da yawa ke jiransa, kowa yana son safiya.

Raba musu lokaci ba ƙaramin aiki ba ne. A ce likita 10 ne, aiki 10, kowa zai ɗauki ɗaya: hanyoyin rabon sun kai 3,628,800. Wane magatakarda zai gwada su da fensir?

A 1947 wani masanin lissafi na Amurka, George Dantzig, ya fito da dabarar warware irin wannan ƙulli, yau kuwa kwamfuta ke ɗaukar nauyin lissafin. Da fari a ba ta sharuɗɗa, watau kada likita ya kasance wuri biyu a sa'a ɗaya, wanda ya kwana aiki kada ya riƙe wuƙa da safe. Sa'an nan a faɗa mata abin da aka fi bukata. Sai ta yi ta barin tsari tana kama wanda ya fi shi, har ta kai inda babu sauran gyara.

Amma fa kwamfuta ba ta san Zariya ba. Ba ta san Juma'a gajeren yini ce ba, ba ta kuma san wahalar mai fitowa daga ƙauyukan Giwa da damina ba, sai an gaya mata. Abin da aka fi bukatar ma, mutane ke zaɓa. In an ce ta tsare lokacin likita, sai ta tara majiyyata duka da ƙarfe takwas, likita bai yi zaman banza ba, amma tsoho ya kai la'asar bisa benci. In an ce ta rage jiran majiyyata, sai ta ba kowa sa'arsa, ko da likita zai ɗan dakata in wani ya makara. Wannan ta biyu ta fi kusa da tausayi, gama likita yana jira ne da lafiyarsa, tsohon kuwa da ciwo, ga motar Sabon Gari da zai nema kafin magariba.