"Haƙori ne," in ji mu

'Yan'uwa, mu matasan iyaye a Wudil, da jariri ya kai wata 6 ya fara dalalar da miyau, duk abin da ya same shi sai mu ce haƙori ne. Ƙaiƙayin dasashi da rigimar dare kam haƙori ne. Mukan wanke hannu mu murza masa dasashin a hankali, ko mu ɗora masa cokalin da ya sha sanyin randa. Amma zazzaɓi mai zafi da gudawa ba aikin haƙori ba ne, ko da Kaka ta ce a ƙyale shi. Sai ruwan gishiri da sukari, sai asibiti.

Maganin haƙori na kemis kuwa, tsoronsa muke ji. Daga 2008 zuwa 2009, My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, har da na Zariya, bayan gubar cikinsa ta lalata musu ƙoda.