Tashi da Faɗuwar Otal ɗin Durbar

Mu mutanen Gwantu ba mu tashi da sanin dogon bene ba. Abin da ya fi kome tsawo a ƙasarmu duwatsu ne da itatuwan kwakwar manja. Don haka duk wanda ya bi ta Kafanchan ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, idan ya komo gida akan zagaye shi a tsakar gida ya ba da labarin gine-ginen birni. Wasu su ambaci Hamdala ta zamanin Sardauna, wasu gidan Ahmed Talib da ke kan titin Ahmadu Bello. Amma daga ƙarshen shekarun 1970, sunan da ya danne sauran a bakin matafiyanmu shi ne Otal ɗin Durbar.

Asalin wannan gini yana ɗaure da bikin FESTAC, wato taron nuna al'adun baƙar fatar duniya karo na biyu, wanda Nijeriya ta ɗauki nauyinsa daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. A Legas aka yi yawancin shagulgulan, amma aka keɓe wa Kaduna hawan daba, kamar yadda ta taɓa karɓar irinsa a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila. Sarakunan Arewa suka hallara da dawaki da raƙuma, da 'yan lifida da masu algaita da kakaki. Baƙin da za su zo kallo daga ƙasashe daban-daban suna bukatar masauki na alfarma, sai gwamnatin tarayya ta gina wannan katafaren otal a tsakiyar gari, ta raɗa masa sunan bikin. Zamani ne na kuɗin man fetur, lokacin da ake ganin babu abin da zai gagari ƙasar nan.

Alaƙarmu da Durbar ta ma'aikata ce. Daga cikinmu ba mu san wanda ya taɓa biyan kuɗin ɗaki ya kwana a ciki ba, amma 'yan uwanmu na kudancin Kaduna sun yi kuku da gadi da wanki da guga a wurin. Albashin da suka karɓa ya koma kwanon rufi a ƙauye, ya koma kuɗin makarantar ƙanne, ya koma sadakin aure. Idan sun zo hutun Kirsimeti ko na Sallah, sukan kwatanta mana na'urar da ke ɗaga mutum zuwa saman bene ba tare da ya taka matakala ba, tsofaffinmu su riƙe baki suna jinjina kai. Ta haka ginin da ke can nesa ya zama yana da rassa har cikin gidajenmu.

Da tattalin arziki ya tsuke, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin sayar da kadarorin gwamnati a 1988, ƙarƙashin jagorancin Dakta Hamza Zayyad. A farkon shekarun 1990 guguwar ta biyo ta kan Durbar, aka sayar da shi ga kamfanin Kabo, daga baya kuma ya koma hannun iyalan Janar Sani Abacha. Bayan rasuwar Abacha a 1998, gwamnatin farar hula ta Olusegun Obasanjo, wanda a zamaninsa na soja aka yi bikin FESTAC, ta nemi ƙwace otal ɗin. Magana ta tafi kotu, aka rufe ƙofa, ma'aikata suka watse.

Shari'a tana iya jira, amma gini ba ya jira. Shekara da shekaru lauyoyi suna kai da komo, damina tana bin rufi, ɓarayi suna ɓalle tagogi da ƙofofi da wayoyin lantarki, ciyawa ta rufe harabar da manyan baƙi suka taɓa sauka. Duk wanda ya wuce ta gefensa sai ya ga kango tsaye tsakiyar birni, ramukan tagoginsa a buɗe. A watan Janairun 2020 gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Malam Nasiru el-Rufa'i, ta tura motocin rusau suka baje shi, bisa hujjar cewa ya zama maɓoyar ɓata-gari. Iyalan Abacha suka ce an yi haka ne alhali magana tana gaban alƙali, suka sake garzayawa kotu. Shekara 43 ke nan tsakanin buɗe shi da rushe shi, kuma kusan rabinsu a kulle ya yi su.

Ba mu da hurumin yanke hukunci tsakanin masu jayayya, wannan aikin kotu ne. Abin da ya dame mu shi ne ɗabi'ar da labarin ya tona. Mun iya gini idan biki ya matso, amma ba mu iya riƙo ba idan taro ya watse. A garinmu, idan 'yan uwa suka yi saɓani kan gidan gado, dattawa sukan sa wani ya zauna ciki, ya riƙa yaɓe da gyaran jinka kafin a sasanta, domin sun san ruwan sama bai san wanda ke da gaskiya ba. Da an yi wa Durbar irin wannan dabara, da wanda ya yi nasara a kotu ya tarar da abin da zai karɓa.

Tsofaffin ma'aikatan da suka komo gida sun koma noman doya da citta, wasunsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi su zauna da waɗanda suka rage, su rubuta abin da suka gani tun ana iya jinsa daga bakinsu. Haka kuma ya kamata hukumomi su duba sauran manyan gine-ginen da Arewa ta gada a Kaduna, su gyara masu bukatar gyara tun rufinsu bai fara yoyo ba.