Rediyon motar kawuna

Kawuna direba ne, yana jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Tasawa da tsohuwar Toyota. Rediyon da aka ƙero motar da shi yana kama FM, yana cin kasat, amma kasat ya yi wuya a kasuwa. Ran nan ya ce mini in ba kiɗa, gyangyaɗi yake bisa hanya. Gabana ya faɗi, don rayukan mutane ke hannunsa.

Waƙoƙin Shata kuwa suna cikin salularsa. Sai na sayo wata ƴar na'ura da ake cusawa cikin ramin kunna taba. Ita kamar ƙaramin gidan rediyo ce: ta karɓi waƙa daga salula, ta aika ma rediyon mota. Ana neman lambar da babu tasha a kanta, a sa ta wuri biyu, ga na'ura da ga rediyo. Muka zaɓi 88.7.

Muka kunna, sai shuuu. Na zagi mai kanti cikin raina. Kawu ya matso da ido, ya daɗe yana dubawa. Ashe 87.8 na sa.

Ya ce: «Ɗana, kai ne ke koya ma manya lissafi?»

Na gyara. Kalangu ya tashi.