Kama da Wane Ba ta Wane: Maƙerin Fari da Zoben Hajiya

Maƙera a ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai na baƙi, masu ƙera fartanya da gatari, akwai kuma na fari, waɗanda aikinsu shi ne kayan adon mata na azurfa da zinariya da tagulla. A cikin birnin Kano, ba nesa da kasuwar Kurmi ba, akwai wani dattijo maƙerin fari da ya shafe fiye da shekara 40 gaban wuta. Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, wanda ya kan narka tsofaffin kuɗin azurfa na Mariya Teresa, masu ɗauke da shekarar 1780, ya zuba mundaye. Mutanen unguwa sun shaide shi da abu biyu, wato kyan hannu da riƙon amana.

Wata rana da hantsi sai ga wata dattijuwa ta yi sallama. Bayan gaisuwa ta kwance bakin gyalenta ta fiddo wani farin zobe mai ɗan ƙaramin dutse.

Ta ce, "Malam, marigayi maigidana ne ya kawo mini shi daga tafiya. Yanzu girma ya zo, yatsu sun kumbura, ba ya shiga. Ga shi kuma ya fara tsagewa ta ƙasa. So nake a buɗa shi, in ci gaba da sa shi har ran da Allah ya yi nasa ikon."

Dattijon ya karɓa ya auna a tafin hannu, sai ya ji nauyin ya zarce girman abin. Ya ɗaga shi wajen haske ya ga lamba 950 a ciki. Daga ƙasa kuwa ga wani siririn layi baƙi-baƙi ya ratsa zoben, tsagar tana bin sa. Nan take gabansa ya faɗi, domin maƙeri ba ya ɓata aikin hannunsa. Shi ne ya yi wannan haɗin, shekara 12 da suka wuce, lokacin da wani magidanci ya kawo zoben a rage wa matarsa. A wancan lokaci ya ɗauka azurfa ce mai kyau. Ya ji nauyin, ya kuma lura ƙarfen bai damu da wutarsa ba, amma bai tsaya bincike ba. Ya yanke, ya haɗa bakin da sinadarin azurfa, ya goge, ya karɓi ladansa. Abin lura a nan shi ne, kalmar sinadari, wadda yau ta yaɗu a bakin masu kimiyya, a maƙera tana nufin abin da ake narkawa a liƙe ƙarfe da ƙarfe.

Daga baya ne ya sami labarin filatinam wajen abokan sana'a, ya gane cewa kama da wane ba ta wane. Ba shi kaɗai wannan ƙarfe ya ruɗa ba. Mutanen Sifen da suka tarar da shi cikin yashin zinariya a ƙasar da yau ake kira Kolambiya sun raɗa masa suna mai ma'anar 'yar azurfa, suka ɗauke shi gurɓataccen abu, har Antonio de Ulloa ya bayyana shi a rubuce a 1748. Yau mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Nauyinsa ya kai ninki biyu na azurfa. Azurfa na narkewa a digiri 962 na ma'aunin Salshiyas, zinariya a 1064, shi kuwa sai an kai 1768, abin da gawayi da zuga-zugi ba su iya kaiwa. Lambar 950 kuma na nufin kashi 950 cikin 1000 filatinam ne, saura wani ƙarfe ne da ake ƙarawa don ya yi ƙwari.

Saboda haka haɗin da dattijon ya yi bai taɓa zama haɗi na gaskiya ba. Sinadarin ya narke ya cika gurbi, alhali bakin zoben bai narke ya gauraya da shi ba. Da tafiya ta yi tafiya azurfar ta yi baƙi kamar yadda ta saba, ta ci ta lotsa, filatinam ɗin kuwa na nan da farinsa. Ta nan tsaga ta samo hanya.

Ɗansa, wanda ke zaune gefe yana riƙe da magagari, ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, a ba ni shi. In ƙara masa guntun azurfa in goge, kafin la'asar ya fito fes. Wa zai sani? Yau kwana uku ba mu yi ciniki ba."

Maganar yaron ba ƙarya ba ce, kasuwa ta yi sanyi, kuma mai zoben ba za ta gane ba sai bayan shekaru. Mutumin da ya kawo aikin farko ya riga mu gidan gaskiya, babu sauran shaida. Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya dubi baƙuwarsa.

Ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Wannan baƙin layin aikina ne. Ni na rage shi tun Alhaji na da rai, na sa masa abin da ba jinsinsa ba bisa rashin sani. Tsagar nan daga hannuna ta fito, kuma wutata ba ta isa ta gyara ba."

Ya yi mata bayanin abin da gyaran ke bukata. Dole a yanke wurin tsohon haɗin ta gefe biyu a fitar da shi, don idan aka bar ɓurɓushin azurfa aka kai zafin da filatinam ke so, sai ta shige jikinsa ta bar shi da ramuka da gautsi. Sa'an nan a buɗa zoben a saka guntun filatinam irin nasa, a narke bakunan su zama abu guda. Wannan sai mai wutar iskar oksijin da baƙin tabarau, wanda zai fara cire dutsen kada ya ƙone, ko kuwa mai na'urar leza da ke tara zafi a ɗigo ɗaya. Ko kan gawayi ba a ɗora shi da zafi, domin gawayin na gurɓata shi.

Hajiya ta daɗe tana kallon zoben. Ta ce, "Malam, da ka yi shiru ai ban sani ba."

Ya ce, "Ke ba ki sani ba, amma ni na sani."

Ya buɗe akwatinsa ya ƙirgo kuɗi ya ɗora a kan tabarma, ya ce a sa cikin ladan gyara. Ta ƙi karɓa, ya nace, daga bisani ta ɗauki rabi don kada ta kunyata shi. Ya umurci ɗan ya raka ta wurin wani mai aikin gwal da ya san yana da kayan aikin, ya kuma ce masa ya zauna ya kalli yadda ake yi daga farko har ƙarshe.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba a zargin wanda ya yi tuntuɓe cikin duhu. Abin zargi shi ne wanda gari ya waye masa ya koma ya taka wuri guda. Bayan kwana biyar yaron ya dawo da labarin cewa zobe ya shiga yatsa, ba a ko ganin wurin haɗi. Ya kuma zo da guntun da aka yanke, mai baƙin layi a tsakiya. Dattijon ya karɓa ya jefa cikin gwangwanin da yake ajiye sinadarinsa, inda hannunsa zai riƙa cin karo da shi duk lokacin da aka kawo masa farin ƙarfen da bai tabbatar da asalinsa ba.