Motar Malam da Makaniki

A shekarar 1991, shekarar da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, akwai wani malami a Roni wanda ya tara ɗan abin hannunsa ya sayi tsohuwar a-kori-kura. Ƙirar Peugeot ce, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da ita ya ke kai gero da gyaɗa kasuwanni, da abin da ya samu ya ke ci da iyalinsa.

Ran nan yana komowa daga Ɓaɓura, sai ya ga tururi yana fita daga gaban motar. Ya lallaɓa da ita har Kazaure, ya tsaya a wata rumfar makanikai da ke bakin hanya. Makanikin bai ko sunkuya ya duba ba, sai ya ce, "Malam, injin ne ya ƙone. Sai an sauke shi, an sayo kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano."

Malam ya ce, "To, samari, na ba ka amana." Bai tambayi abin da za a sayo ba, ba su kuma yanke kuɗin aiki ba.

Kullum ya zo sai a ce masa gobe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako uku. Kowane zuwa kuwa sai an ce ya ƙaro kuɗi. Ya sayar da buhu huɗu na gero, bai isa ba. Daga bisani har ragon da ya ke kiwo domin layya ya kai kasuwa.

Da aka ba shi motar, ya yi lodi ya nufi Gwiwa. Bai yi nisa ba sai ga tururi kamar dā. Ya sauka ya zauna gindin wata tsamiya, ya yi tagumi.

Can sai ga wani tsohon direba. Ya tsaya, suka gaisa, ya buɗe gaban motar ya duba. Ya ce, "Malam, injinka lafiya lau ya ke. Ka ga wannan igiyar roba? Ita ce fambel. Ita ke juya fanka da famfon da ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto. Ta tsufa ta saki, shi ya sa ruwan ke tafasa." Ya ɗauko wata daga motarsa ya ɗaura, ya jira inji ya huce, sa'an nan ya zuba ruwa. Kuɗinta bai kai na kaza biyu ba.

Malam ya koma wurin makanikin, ya ce a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire. Aka yi ta dube-dube, ba a samu ko ɗaya ba. Kuɗinsa dai ba su dawo ba, bana kuma bai yi layya ba.

Tun daga ran nan, in zai kai gyara sai ya ji bakin mutum biyu, ya yanke kuɗi tun da fari, ya kuma tsaya a yi aikin a kan idonsa. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin fambel?
2. Me Malam ya sayar domin gyaran motarsa?
3. Ina kuskuren Malam, ina kuma laifin makaniki?