Daga Jega Zuwa Maiyama: Masu Share wa Ruwa Hanya

Jega gari ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa. Wanda ya taso daga Sakkwato zai bi ta Tambuwal da Aliero ya faɗo nan, na Birnin Kebbi ma nan zai ɓullo, mai niyyar Yawuri kuwa daga nan zai miƙe kudu ta Maiyama da Koko. Ga gulbin Zamfara kwance a gefen garin. Shi ya sa kasuwar Jega ta yi suna tun zamanin fatake, har yau kuma manyan motoci ba su daina lodin hatsi da albasa da dabbobi a cikinta ba. Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana shi ya kafa garin bayan jihadi, kuma duk ɗalibin da ke sauraron labarai ya san sunan Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015.

Amma mu ba kasuwa ta kai mu ba. Wasa muka je nema, wasan da yawancinku kun taɓa yi kuna ƙanana kuka bar shi don ganin na yaran ƙauye ne, wato langa. Lokacin hunturu ne, an gama kai amfanin gona gida, kuma a irin wannan lokaci idan wata ya yi fari za ka iske yara a fili mai yashi bayan sallar isha'i, a unguwannin bakin gari da ƙauyukan da ke kewaye.

Ga wanda ya manta, ga yadda abin yake. Ana rabuwa gida biyu. Kowane ɗan wasa zai naɗe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafarsa ko ya faɗi ya fita. Ɓangaren da ke da hari za su ware mutum ɗaya su ce shi ne ruwa, kuma aikinsa ya kai wurin sha, wanda zai iya zama gindin bishiya ko turmi ko wani layi da aka ja a ƙasa. Abokan hamayya ba abin da suke so sai su kayar da shi kafin ya isa. Sauran 'yan ɓangarensa kuwa su ne katangarsa. Su za su shiga gaba su yi ta bangaza da kafaɗa da hannu ɗayan da ya rage musu har ƙofa ta buɗe.

Da farko idonmu na kan ruwa, don shi ake yi wa ihu. Sai da muka kalli zagaye uku ko huɗu muka gane cewa wasan ba a wurinsa ake cinsa ba. Akwai wasu yara biyu masu jiki da aka sa a tsakiya. Ba su da sauri, ba su kuma taɓa zuwa kusa da wurin sha ba. Abin da suke yi shi ne su haɗu a kan mutum ɗaya, wanda ya fi kowa ƙarfi a ɗaya ɓangaren, su matse shi zuwa gefe. Da zarar ya kauce, sai ruwa, wani siririn yaro da ke laɓe a bayansu, ya sulale ta gurbin da aka bari. Wani lokaci kuma duk katangar ta karkata dama kamar can za a bi, masu tsaro su bi su, ruwa ya zame ta hagu. Babu koci, babu allo, amma dabara ce cikakkiya.

Wannan dabara ita ce ake biyan mutane miliyoyin daloli a kanta a Amurka. Ƙwallon Amurka ɗan'uwan zari-ruga ne, ba irin tamaular da muka sani ba. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin kuma yadi 100 ne tsakanin gida da gida, yadin nan dai da tela ke aunawa. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Ana iya jefa ƙwallon gaba, ana kuma iya danƙa shi ga mai gudu ya rungume ya kutsa. A wannan hanya ta biyu, mai gudun nan shi ne ruwa.

A gabansa akwai ƙarti biyar a jere. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga madugun hari, biyu suna dafe da shi dama da hagu, biyu kuma suna bakin layi. Yawancinsu sun kai kilo 140, wato sun ɗara buhun masara mai kilo 100 da kusan rabinsa. Doka ba ta yarda su cafke ƙwallon da aka jefo gaba ba, ba ta kuma yarda su cukuikuyi abokin karawa su riƙe shi ba. Wanda ya riƙe abokin karawa sai a mayar da ƙungiyarsa baya yadi 10. Turi kawai aka yarda musu, kamar ɗan langa da hannunsa ɗaya ke ɗaure da ƙafa. Mutum zai yi shekara goma yana wannan aiki bai ci maki ko ɗaya da sunansa ba.

'Yan Najeriya sun yi fice a wasan. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya tafi Amurka ne a matsayin ɗan wasan jifa, bai fara wannan ƙwallo ba sai da ya haura shekara 20. A 1989, yana ƙungiyar Kansas City Chiefs, ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar NFL, ya ci yadi 1,480. Kelechi Osemele, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ɗan katanga ne, ya kuma ci kofin Super Bowl da Baltimore Ravens a 2013. Sunan Okoye ya fi yawo, kuma ba abin mamaki ba ne, ko a filin Jega sunan ruwa muka ji ana kira. A 2024 Saquon Barkley na Philadelphia Eagles ya ci yadi 2,005, amma masana wasan ba sa ambaton wannan adadi ba tare da sun ambaci ƙartin biyar da ke gabansa ba.

Washegari muka nufi Aliero. Tun daga bakin hanya warin albasa zai gaya maka ka iso, don nan ne ɗaya daga cikin manyan wuraren nomanta a ƙasar nan, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Abu na uku da aka san garin da shi shi ne ɗori. Daga jihohi masu nisa, har da ƙasashen maƙwabta, ana kawo masu karaya wurin masu ɗorin Aliero. Wannan ya tuna mana cewa wasan turi ba ya rasa rauni. A langa abin da aka fi samu shi ne targaɗe da gocewar ƙashi, shi ya sa a yashi ake yinta, ba a kan tsakuwa ko siminti ba. A ƙwallon Amurka kuwa matsalar ta wuce abin da mai ɗori zai gyara. Duk da hular kwano, yawan karo da kai yana lalata ƙwaƙwalwa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar a 110. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne galibi suka bayar da ƙwaƙwalen, don haka adadin ba na dukkan 'yan wasa ba ne, amma ya isa ya sa iyaye da yawa a can su hana 'ya'yansu.

Saboda haka ne wani nau'i mara kayarwa yake bunƙasa, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai gudu maimakon a doka shi da ƙasa. Shi za a buga a gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjalis, mutum biyar-biyar. Sai dai a cikinsa an hana tare hanya gaba ɗaya, wato ƙartin nan ba su da gurbi. A ganinmu nan langa ta fi shi, don ta bar wa mai jiki aikinsa ba tare da an haɗa kai da kai ba.

A Maiyama muka tsaya shan fura, hira ta haɗa mu da wani malamin motsa jiki. Ya ce a gasar gidaje ta makarantu yaro mai ƙiba ba ya da abin yi sai jan igiya ko riƙe wa 'yan gudu takalma, a tamaula kuma gola ake tura shi. Muka tambaye shi, Malam, me zai hana a sa langa? Ya ce ba kuɗi ba ne, tunda ba ta bukatar ƙwallo ko raga ko riga, yaran ne ke jin kunyar a gan su suna tsalle da ƙafa ɗaya a gaban 'yan mata. Da yawansu ba su san cewa langa tana cikin wasannin gargajiya da jihohi ke karawa a kansu a bikin wasanni na ƙasa ba, tare da dambe da kokawa, kuma kashi uku ake yinta: ruwa, da tureshi, da kawoshi. Ya ce in shugaban makaranta ya amince zai gwada a zango mai zuwa, aji ɗaya da aji biyu tukuna, a yashin da ke bayan ajujuwa.